Shinkafar Cikin Toka

Jikokina biyu da wani abokinsu sun buɗe shago a bakin titi nan Nguru, suna aika kaya ƙasashen waje. Nakan je in zauna a bencinsu da hantsi, tunda ƙafa ta daina kai ni nesa. Mutum ya kawo kaya, su zuba a kwali, su naɗe da salatif, su danna waya, a ce an gama. Rannan babban ya dube ni yana dariya ya ce, "Alhaji, wai wannan ce sana'ar da ka tsufa a kanta? Ai ko ido a rufe sai in yi ta." Na ce masa gaskiya ne, ido a rufe na ga yana yi. Tun safe mutum shida suka kawo kaya, bai tambayi ko ɗaya abin da za a yi da kayan in sun isa ba. Ban yi masa faɗa ba. Ni ma sai da na haura hamsin na koyi wannan tambayar, kuma wata ce ta sha wahalar koya mini.

Mahaifina Bahadeje ne, fatauci ya kawo shi Nguru, a bayan tashar jirgin ƙasa aka haife ni. Gidanmu babu rumbu. Tun kan kakana hatsi a mudu muke sayensa. Ban taɓa riƙe fartanya ba, amma kafin in yi aure na san Damagaram, na san Injamena, daga baya na zauna Kumasi, na yi shekara biyu a Omdurman, Jidda kuwa ban san sau nawa ba. Ina jin Barbarci kamar ɗan gida, da Larabci iri biyu, na Shuwa da na Sudan, da Faransancin tasha, da Fillanci da Turanci daidai na ciniki. Badanci ne kawai, harshen mutanen Bade, ban koya ba, ga Gashuwa nan kusa, duk ranar kasuwa ina cikinta. Ban ga abin da zan saya da shi ba.

Buhun farko da na ɗinka na banda ne, za shi Kumasi. Maigidana Ba Modu, wani gajeren Babarbare mai ƙaramar murya, ya bar ni ina ta fama tun safe har azahar. Na ɗinke, na ja baya ina jiran yabo. Ya ce in ɗauka in hau kan tarago. Na hau. Ya ce in sako shi ƙasa.

Na ce, "Ba Modu, kifi ne fa."

Ya ce, "Ɗan dakon Kano ma sai ka bi shi ka gaya masa kifi ne."

Na sako. Bakin ya fashe, kifi ya watse a kan duwatsun layin dogo. Sau uku ina ɗinkawa ina jefowa. A na huɗu ɗinkin ya riƙe, amma kifin ciki ya riga ya zama gari, muka yi mako muna miya da shi. Ba Modu ya ce duk ƙunshin da zai ƙetare iyaka, in ɗauka hannu ashirin za su taɓa shi, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ya san mai shi balle ya ji tausayinsa.

Kayan aikin ba su da yawa, suna nan a jakata har yau. Basilla uku, doguwa da lanƙwasasshiya da siririya ta ɗinkin alawayyo. Zaren buhu, wanda ake murzawa da kakin zuma don kada ruwa ya ci shi. Buhun algarara, da tabarmar kaba don abin da ke son shan iska, da babban gwangwanin madara don abin da ba ya so, maƙeri ya liƙe bakin da dalma. Sikeli mai ƙugiya. Tawada da alƙalamin kara mai kaurin baki. Sai kasko, da yashi mai laushi da ake kawo mini daga wajen Yusufari. Zan zo kan waɗannan biyun.

Adireshi ba a takarda muke rubuta shi ba, takarda tana faɗuwa tun kafin Damaturu. A jikin alawayyon ake rubutawa, sau uku: da boko don namu, da Faransanci don Nijar da Chadi, da Larabci don can gaba. Mutuminmu na Jidda ko na Kosti a Sudan ba shi da lambar gida. Sai ka rubuta sunansa, da laƙabin da aka san shi da shi a can, wanda ba shi ne na gida ba, da sunan mai shagon da ya fi kusa da shi, da masallacin da yake salla. In ka manta laƙabin, ƙunshi ya shekara a ƙarƙashin teburin mai shago, mai shi yana wucewa ta gabansa kullum.

Kowace iyaka da halin masu bincikenta. Na wajen Machina sun san mu, hanci kawai suke kaiwa. Na Chadi suna da wani dogon ƙarfe, su soka a buhu su zaro su duba abin da ya biyo shi. Na hanyar Gana sai an kwance musu komai an shimfiɗa, don haka ɗinkin Gana daban yake, mai saurin kwancewa da mayarwa. Na filin jirgi su ne ba su da sauƙi. Ƙwaro ɗaya suka gani yana tafiya a cikin kaya, shi ke nan an zubar da su duka, kuma babu wanda za ka roƙa.

Masu sayen kayana duk mutanenmu ne da suka yi nisa. Matan Jidda suna son humra da turaren wuta da kuka. Mahautan Gabon suna son barkonon Gashuwa, su ce na can ba ya jin magana. Akwai wani ɗalibi a Ingila da uwarsa ta rantse sai ya ci daddawa. Na sa ta a ƙaramin gwangwani, na liƙe, na sa a babba, na cika tsakaninsu da garin gawayi, na sake liƙewa, na kai gidan waya. Ma'aikacin ya sunsuna ya sake sunsunawa ya ce, "Alhaji, ka tabbata daddawa ce?" Ranar na koma gida ina jin babu kamata a ƙasar nan. Mutum sai ya yi shekara talatin a wata ƙasa, ya canja harshe ya canja tufafi, amma bakinsa yana gida. Da wannan muka ci abinci.

Zuwa shekarun casa'in jirgin ƙasa ya zama sai an gan shi, komai ya koma mota. Kayan Jidda ta hannun mahajjata nake bi da su ta Kano. Na Sudan kuwa akwai direbana, Usta Musa, wani dogon Bashuwa da ke ɗaukar kaya daga Gamboru. Ya bi ta Injamena da Abeshe, ya miƙa wa wani a Jinaina, wannan ya miƙa wa wani, har bakin Nilu. Wata biyu in an yi sa'a, uku in ba a yi ba. Babu waya. Wanda bai iya rubutu ba sai ya yi magana a kaset, a ɗinke kaset ɗin a alawayyo kamar kowane kaya.

Abin da ke cin kayan Sudan ba ɓarawo ba ne, ƙwari ne. Ka zuba wake tsaf babu ko huda ɗaya, ƙwan ƙwarin yana ciki ba ka gani. Ya yi wata uku a zafin bayan mota, a buɗe a Kosti a tarar da gari yana motsi. Maganin da Ba Modu ya koya mini shi ne abin da yake kira nuna wa wuta. Ka ɗora yashi a kasko ya yi zafi har ba ka iya barin hannu a ciki, ka zuba hatsin kana juyawa, ba suya irin ta gyaɗa ba, sama-sama dai, launi bai canja ba amma duk abin da ke da rai a ciki ya mutu. Ka rairaye, ya huce, ka liƙe a gwangwani. Wake, gurjiya, riɗi, gero, duk ƙwayar da za ta Sudan sai ta ga kaskona. Shekara da shekaru ba a taɓa dawo mini da ƙorafin ƙwari ba. Da shi aka san ni. Ban tambayi kowa izini ba kafin in yi, kamar yadda ba a tambayar izinin ƙulla zare.

A kasuwar Gashuwa ina da wurin zama a rumfar wata mai sayar da banda, Talatu, a nan masu saƙo ke samuna. Wata ranar kasuwa bayan girbi wata tsohuwa ta zo ta tsaya a kaina, rungume da goran duma an toshe bakinsa da taɓo. Talatu ta ce Iya Hajara ce, 'yar Bade, daga wani ƙauye a bakin fadama. Na taɓa kai mata kaset da ya fito daga Sudan watannin baya.

Ta ce, "Kai ne Bahadejen nan mai harshe bakwai?"

Na ce, "Shida ne, Iya. Na bakwan ke za ki koya mini."

Ta ce, "Na koya wa akuyar gidanmu, ta fi ka kai."

Talatu ta yi ta dariya. Iya ta zauna ta ɗora goran a cinya, ba ta ba ni ba tukuna. Ta ce ƙanenta Ado za a kai wa, yana wani ƙauye a bakin farin kogin Nilu, kudu da Kosti. Na ɗauki laƙabinsa da sunan mai shago da masallaci. Sai ta miƙo da hannu biyu ta ce, "Ka kai masa yadda yake."

Na ce, "An gama, Iya."

Bayan ta tafi ne Talatu ta ba ni labarinsu. Ado ya tafi gabas a ƙasa yana saurayi, da niyyar hajji, a shekarar da uwarsu ke kwance. Iya ta roƙe shi ya dakata, ya ƙi. Uwar ta rasu bayan tafiyarsa. Iya ta aika masa da baki ta hannun wasu matafiya cewa kada ya sake kiran sunanta. Bai sake ba, fiye da shekara arba'in, sai wannan kaset ɗin da na kai mata. Talatu ba ta san abin da ya faɗa a ciki ba. Ni kuma ban tambaya ba, sirrin mutane ba ya cikin awona.

Dokata ce ba na aika abin da ban ga cikinsa ba. Da na koma Nguru na fasa taɓon na zazzage a faifai. Shanshera ce, shinkafa da ɓawonta, ja, doguwar ƙwaya, bai fi mudu ɗaya da rabi ba, dumu-dumu cikin toka. Na ce a raina, mutanen ƙauye ke nan, tsaraba za a aika ƙasar waje amma ko surfe ba a yi ba, ga datti. Goran ba zai kai Maiduguri ba a fashe. Tokar nan in ƙarfen Chadi ya zaro ta, za a ce wani abu ne. Kowane manomi a ƙasar nan, ko wanda bai taɓa wuce Jajimaji ba, in ya ga shanshera a cikin toka a gora an liƙe da taɓo, ya san abin da yake kallo. Ni na ga Bahar Maliya, ban sani ba.

Na sheƙe tokar tas. Na ɗora kasko. Na ma fi kula da ita fiye da kayan attajirai, don labarin ya shige ni, na ce wannan ƙunshin ko ƙwaro ɗaya ba zai taɓa shi ba. Na juya, na rairaye, na shanya ta huce, na kai wa maƙeri ya liƙe gwangwani. Na naɗe a tabarma, na ɗinke a alawayyo, na yi rubutu uku. Na hau kan katanga na jefo shi don tunawa da Ba Modu, ko gezau. Goran na rataye a shago.

Shekarar da ta biyo baya ita ce muguwar shekara. Kachalla, ciyawar nan mai tsayin mutum biyu, ta riga ta toshe hanyoyin ruwa. Ruwa ya taru ya yi mana yawa a wajen Nguru, ya ci gonaki, ya ci hanya, ya ƙi gangarawa fadamun da suka saba samunsa. Kifi ya yi wuya, barkono ya yi wuya. Masu oda suna aiko da kaset, ni ba ni da abin ɗinkawa. Na yi makonni ina zuwa Gashuwa in koma da jaka yadda na zo da ita. Basillata ta yi tsatsa a karo na farko.

A cikin wannan ne Iya Hajara ta sake zuwa rumfar Talatu, ta rame. Muka gaisa, na yi mata jajen ruwa. Ta ce ta shuka nata rabin da ruwan sama na fari, ya tsiro da kyau, ya tsaya jiran ruwan kogi, ruwan bai zo ba, ya bushe a tsaye.

Na ce, "Rabin me, Iya?"

Ta ce, "Rabin 'yar Kaka mana. Wadda ka kai wa Ado."

Talatu ta yi mini bayani tana gyara kifi. 'Yar Kaka shinkafar gidansu Iya ce tun kakanni, irin mai bin ruwa, in ambaliya ta tashi ita ma ta tashi, a yanke ta a cikin kwalekwale. Kowa ya bar ta ya koma gajeriyar shinkafa mai saurin nuna, Iya ce kaɗai ta riƙe. Ita Ado ya roƙa a kaset ɗinsa. Ya ce bakin kogin da yake zaune yana cika yana janyewa kamar na gida, yana so ya ga 'yar Kaka ta tsaya a gonarsa kafin ya mutu, in ta aiko ya san ta yafe.

Iya ta ce, "Allah ne ya sa na raba biyu. Yanzu tana hannun Ado. In ya girbe, kai za ka dawo mini da ita, Bahadeje. Ka ga ka zama ɗan gida."

Na ce, "Allah ya nuna mana."

Abin da na ce ke nan. Na koma Nguru na sami wani manomi maƙwabcinmu, na tambaye shi a kaikaice ko iri yana tsirowa in ya ɗan ji zafin yashi. Ya dube ni kamar na tambaye shi ko dafaffen ƙwai yana ƙyanƙyashewa. Na ce ai sama-sama ne. Ya ce, "Alhaji, kai da ka ce duk mai rai a ciki yana mutuwa?" Duk da haka na yi ta gaya wa kaina wataƙila wasu ƙwayoyin sun tsira, a gefen kasko wuta ba ta kai tsakiya ba. Na yi watanni a kan wannan wataƙila.

Kaset ɗin Ado ya zo da bazara, dab da faɗuwar damina. Usta Musa da kansa ya kawo, don ya shigo Gashuwa lodin barkonon da ya samu, zai juya washegari. Ya ce wannan ce tafiyarsa ta ƙarshe kafin ruwa ya rufe hanyar Chadi, kuma labarin da ke fitowa daga yammacin Sudan ba mai daɗi ba ne, in akwai saƙo a ba shi yau. Aka kira Iya. Rediyonta ba batir, ta ce a sa a nawa. Ta zauna a kan buhu tana gyara ɗaurin kai kamar mai jiran baƙo.

Muryar tsoho ce, da Badanci, jefi-jefi Larabci na faɗowa ciki. Ban ji komai ba sai fuskar Iya nake karantawa. Da farko tana murmushi tana amsa gaisuwa kamar yana gabanta. Sai ta daina. Talatu ta ajiye kifin da ke hannunta. Da kaset ya ƙare babu wanda ya tashi ya kashe, yana ta shuu.

Usta Musa ya ce, "To, me dattijon ya ce? Ko ya yi sabuwar amarya ne?"

Talatu ce ta fassara, ba ta dubi kowa ba. Ado ya ce ya shuka, bai fito ba. Ya jiƙa wani ya naɗe a jiƙaƙƙen buhu, bai fito ba. Ya sa sauran a kasko da ƙasa a ɗakinsa yana ba shi ruwa da hannunsa, ko ɗaya. Sai ya ɓare ƙwaya ya tauna, ya ji ɗanɗanon wuta. Ya ce ya gane. Ya ce babu gora, babu toka, uwarsu ba haka take ajiye iri ba, kuma Hajara ta fi kowa sani. Ya ce, "Yaya, in ba ki yafe ba, da kin faɗa da baki kamar wancan karon. Ba sai kin sa na tara 'ya'yana a bakin gona suna kallona ba." Ya ce ba zai sake damunta ba.

Iya ta ce, "Wuta? Wace wuta?" Ta juyo gare ni. "Bahadeje, motarku ta yi gobara a hanya?"

Usta Musa ya ce wallahi motarsa ba ta taɓa gobara ba, kuma ƙunshin Alhaji ko a wuta aka jefa shi ba abin da zai same shi.

Rumfar cike take. Ga masu saƙo biyu suna jira da kayansu, ga Usta Musa da ke yaba ni a kowace tasha daga Gamboru zuwa Jinaina. Na ce, "Hanya ce mai nisa, Iya. Zafin bayan mota ba kaɗan ba ne." Ta daɗe tana kallona. Ta zare kaset ɗinta ta ƙulle a bakin zani ta tafi. Washegari Usta Musa ya tashi da lodin barkononsa, babu saƙon kowa zuwa Kosti.

Kwana shida na yi ina juya maganar a raina. A na bakwai na sauko da goran daga inda na rataye shi, na hau mota zuwa Gashuwa, na hau babur zuwa ƙauyensu. Na same ta a ƙofar ɗaki tana tsince kuɓewa. Na ajiye goran a gabanta, na durƙusa, na faɗa mata komai, da tokar da kaskon da yashin.

Ta ɗauki goran ta leƙa ciki. Ta ce, "Na ce maka ka kai masa yadda yake."

Na ce, "Kin faɗa."

"Da Hausa na faɗa ko da Badanci?"

"Da Hausa, Iya."

"Ranar da aka sa kaset ka sani?"

"Na sani."

"Motar Usta Musa tana nan?"

"Tana nan a ranar."

Ba ta zage ni ba. Ta ce in sa sabon kaset a rediyon da na zo da shi, a ɗauki magana zuwa ga Ado. Ni na fara magana, da Hausa, sannan na maimaita da Larabcin Sudan don 'ya'yansa su ji da kunnensu, na faɗi sunana da na ubana da abin da na yi. Sannan ta karɓa. Ta ce in koma bakin zaure. Ta yi magana har kaset ya cika gefe ɗaya, ta kira ni na juya mata, ta cika ɗayan. Ina jiyo ta daga nesa, wani wurin kamar faɗa, wani wurin kamar waƙar daka. Ban san abin da ta ce ba har yau.

Ban taɓa ɗinka ƙunshi kamar wannan ba. Na naɗe kaset ɗin a auduga, na sa a gwangwani, na ninka alawayyo biyu, na murza zare da kaki har yana ƙyalli. Na kai Gamboru da kaina. Usta Musa ya riga ya ƙetare, ruwa ya sauka a bayansa. Na bar wa wani ya jira rani. Da rani ya zo yaƙi ya kama yammacin Sudan, direbobi suka daina wuce Abeshe. Na karɓo shi na ba wani mahajjaci ya kai Jidda, ya ba wani Basudane mai komawa gida ta teku. Ina lissafin hannuwan da ya bi, sun kai takwas. A tsakanin nan na bi ƙauyukan fadama ɗaya bayan ɗaya ina tambayar tsofaffi ko wani na da 'yar Kaka ko mai kama da ita. Na je har wajen Hadeja, na tambaya a Difa. Ana nuna mini jar shinkafa iri-iri, in kawo wa Iya a tafin hannu, ta duba ta girgiza kai.

Bayan hajjin shekara ta biyu wani alhaji ya aiko a kira ni, wai an ba shi saƙona a Jidda. Tun daga bakin ƙofa na gane ɗinkina. Alawayyon ya yi baƙi da hannuwa. A ƙarƙashin rubutuna uku an ƙara na huɗu da biro, da Larabci, rubutun mai shagon Kosti. Ya ce mai wannan suna ya rasu tun damina waccan, iyalinsa sun tashi, ba a san inda suka koma ba, a mayar wa mai shi.

Damina waccan ita ce wadda Usta Musa ya ƙetare dab da saukarta. Na yi lissafin ta kowace fuska. Da kaset ɗin ya bi motarsa, da ya isa ko bai isa ba kafin rasuwar, Allah ne ya sani. Ni dai na san bai bi ta ba.

Na kai mata da kaina. Ta tsufa ƙwarai, ido ya yi rauni. Na karanta mata abin da aka rubuta, ta yi salati, ta yi masa addu'a. Ta karɓi ƙunshin ta bi bakin ɗinkin da yatsa daga wannan kusurwa zuwa waccan, a hankali, kamar mai duba aikin da za ta saya.

Ta ce, "Har Makka ya je?"

Na ce, "Har Jidda, har Sudan, ya dawo."

Ta ce, "Ka iya ɗinki, Bahadeje. Ko zare ɗaya bai kwance ba."

Ta tura shi ƙarƙashin tabarmarta, ta ce in gaida gida.

Na ci gaba da sana'a wasu shekaru, har waya ta shigo, kaset ya mutu, manyan kamfanoni suka ɗauke abin da ya rage. Kaskon ban daina amfani da shi ba, ƙwari ba su daina cin wake ba. Amma daga ranar, ko barkono aka ajiye a gabana, ko tsumma, kafin in taɓa sikeli sai na ce, wa za a kai wa, kuma me zai yi da shi in ya isa. Wasu su yi dariya, wasu su ji haushi. Wata mata ta taɓa ce mini, "Alhaji, kuka ce fa, me ake yi da kuka?" Na ce ta faɗa mini dai.

Jiya ma ina bencin jikokina wani dattijo ya kawo ƙullin leda za a aika wa 'yarsa a Masar. Babban ya karɓa, ya ga ƙasa-ƙasa a jikin abin da ke ciki, ya miƙa hannu zai kakkaɓe. Na riƙe masa hannu da sandata.